Nonon gidanmu na neman raba ni da yayana

Salamu alaikum, Hajiya. Ni 'yar Nima ce a nan Accra, shekaruna 33. Kakarmu ce ta fara tallar fura da nono a ƙwarya. Inna ta gaje ta, ta kafa tebur a ƙofar gida, ta ƙara da wagashi, wato cuku. Da ciwon ƙafa ya kwantar da Inna sai na ajiye koyon ɗinki na karɓi teburin, yau shekara 11. Ni na kawo burkina, abin sha na nono da gero, ni na sayi firiza biyu da kuɗin susu, wato adashi. Ban taɓa ɗaukar albashi ba. A cikin cinikin ake cefane, a biya wuta, a sayi maganin Inna, har da kuɗin makarantar 'ya'yan yayana. Baba ya rasu da daɗewa, mu uku ne: Yaya, ni, sai ƙanwata da ke gidan miji. Bara Yaya ya dawo daga Libiya, ya ce sana'a gadon gida ce kuma shi ne namiji babba. Yana so ya yi mata rajista da sunansa, mu daina karɓar madara daga rugar da muke hulɗa da ita tun zamanin Kaka a bayan Afienya, mu koma madarar gari, mu riƙa ɗurawa a roba muna kai wa kantuna. Kullum da yamma sai ya ɗebi kuɗi a gwangwani. Wanda zan aura ya ce in kwashe firizata in buɗe nawa a unguwar Madina. Inna kuwa kuka take, wai kada sana'ar uwarta ta mutu a hannuna, amma ba ta iya ce wa Yaya uffan. In tafi ko in zauna?

'Yar mai nono, Nima

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba Inna lafiya, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kika yi da ita.

Kada ki tafi yanzu, kada kuma ki ƙara wata uku a yadda kike. Akwai magana guda da gidanku bai taɓa zama ya yi ba, kuma sai Inna na da rai za a iya yin ta cikin daɗi: mene ne na wa, kuma nawa ne ladan mai aiki.

Mu fara da kalmar Yaya. Ba a cin gadon mai rai. Abin da Kaka ta bari, ko ƙwarya ne da ludayi da faifai, Inna da 'yan'uwanta ne suka gaje shi, ba ku ba. Teburin da Inna ta kafa nata ne, kuma tana nan da hankalinta. Saboda haka yau Yaya ba shi da ko ludayi ɗaya a wannan sana'a, ke ma ba ki da shi ta hanyar gado. Kasancewarsa babba ya ba shi girma a zaman gida, bai ba shi mabuɗin gwangwani ba. Kuɗin da yake ɗiba da yamma kuɗin mahaifiyarsa ne, sai in ita ta ce ta ba shi.

Sai dai ki shirya, don akwai tambayar da zai jefo miki kuma ba ta wofi ba ce. Kin ce ba ki taɓa ɗaukar albashi ba, kin kuma ce da kuɗin susu kika sayi firiza. To wane kuɗi kike zubin susun da shi? Daga gwangwanin nan ne. Ranar da kika sa hannu za ki ɗauki firiza, abin da zai faɗa ke nan a gaban jama'a: da kuɗin gida aka saya. Ni a ganina aikin shekara 11 ya fi ƙarfin firiza biyu nesa ba kusa ba, amma ganina ba hujja ba ne. Hujja ita ce Inna ta buɗe baki a gaban shaidu ta ce zubin nan haƙƙinki ne, firizan kuma naki ne. In kina da rasit ɗin sayensu da katin mai susu, ki nemo su tun yau ki adana a wurin da ba a gidan ba.

Ga dalilin gaggawata. Muna roƙa wa Inna tsawon rai, amma ranar da ta faɗi dama, duk abin da ba a tantance ba zai shiga cikin dukiyarta. In malamai suka raba bisa Shari'a, kamar yadda aka saba a zango, namiji na da rabon mata biyu: Yaya rabi, ke kwata, ƙanwarki kwata, in babu wani magaji sai ku ukun. In kuma rigima ta kai kotu, dokar gado ta Gana ta 1985, wadda lauyoyi ke kira PNDCL 111, ita ke aiki kan wanda ya rasu bai bar wasiyya ba, ko Musulmi ne, kuma ba ta bambanta ɗa namiji da 'ya mace. Hanyoyin sun sha bamban, amma sun haɗu a wuri guda: babu wadda za ta lissafa miki tashin asuba da tafasa madara na shekara 11, domin ba a rubuta shi a matsayin bashi ko lada ba. Wasiyya ma ba za ta cece ki ba, tunda a Musulunci ba a yi wa magaji wasiyya sai sauran magada sun yarda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wata za ta ce miki ki lallaɓa Inna ta ba ki sana'ar kyauta a rufe magana. Ban ba ki wannan shawara ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi zama shaida lokacin da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya fifita shi da kyauta a kan sauran 'ya'yansa. Ko ba don haka ba, kyautar da aka yi a ɓoye ita ce irin da ke tsirowa ta zama gaba tsakanin jikoki. Ke ba kyauta kike nema ba. Lada kike nema, kuma biyan lada ba fifiko ba ne.

To, kafin a zauna, ki sayi littafi. Wata guda cur ki rubuta komai: jarka nawa ta zo daga ruga da nawa aka biya, gero, sukari, gas ko gawayi, robobi, ƙanƙara, kuɗin mota, wuta, nonon da ya lalace aka zubar, da abin da aka sayar. A shafi na daban ki rubuta abin da gida ya ci: cefane, magani, kuɗin makaranta, da abin da Yaya ya ɗauka kowace yamma, ba tare da kin ce masa komai ba. Naki ma ki rubuta, ko katin waya ne. Ki buɗe lambar MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ta ciniki kaɗai, ki daina haɗa ta da taki. Na sha ganin masu sana'ar abinci da ke ɗauka suna cin riba alhali jarin suke ci sannu a hankali, na kuma ga waɗanda 'yan'uwa ke zargi da ɓoye dukiya alhali da ƙyar suke mayar da uwar kuɗi. Yayanki yana ganin gwangwani cike da yamma, bai ga abin da zai fita da safe ba. Mai yiwuwa lissafin ya sanyaya masa jiki, mai yiwuwa ke ya ba ki mamaki.

Abin da za ki nema a zaman bai da yawa. A yanka miki albashin wata, daidai da abin da za a biya bare in an ɗauko shi ya yi aikinki. A ware wa Inna kasonta na mai jari, daga ciki take cefane da magani, in ta ga dama ta taimaki ɗanta daga nata. A bar wani abu a cikin sana'ar don ranar da firiza ta mutu. In ba a son albashi, fiƙihunmu ya san ƙiradi: ɗaya ya kawo jari, ɗaya ya yi aiki, a raba riba bisa kason da aka amince tun farko. Kowanne aka zaɓa, a rubuta, shaidu su sa hannu. Wanda ya ce rubutu tsakanin uwa da 'ya rashin kunya ne, ki tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Shekarun baya kuwa, kada ki tsaya sai an biya ki su duka, babu gwangwanin da zai iya. Ki karɓi firizan biyu a matsayin ladansu, ki yafe sauran don Allah.

Yanzu maganar madarar gari, inda nake ganin kin yi wa Yaya rashin adalci kaɗan. Tunaninsa ba shirme ba ne. Gana ba ƙasar madara ba ce. Shanunmu na gida da ƙyar ake tatsar abin da ya wuce lita ɗaya ko biyu a saniya a rana, in hunturu ya shigo ciyawa ta bushe kuwa kin fi ni sanin yadda jarka ke zuwa rabi. Mafi yawan madarar da ake sha a ƙasar nan daga waje take zuwa a buhu da gwangwani. Fan Milk, wanda wani ɗan ƙasar Denmark mai suna Erik Emborg ya assasa a Accra a 1960, da madarar gari ya girma har kekunansa suka cika tituna. Masu burkina da yawa a Nima da Mamobi ita suke damawa, kuma jama'a na sha. Ga shi filayen kiwo na bayan Ashaiman da Afienya da Dodowa ana ta yanka su fuloti, rugage na ƙara ja da baya, kuɗin mota na ƙaruwa. Wanda ya ce a yi tanadi don wannan bai yi laifi ba.

Inda ya kauce shi ne cewa a daina karɓar madarar ruga gaba ɗaya. Madarar gari da dala ake sayo ta. A 2022 dala ta tashi daga kimanin sidi 6 a farkon shekara ta haura sidi 14 kafin shekarar ta ƙare, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Duk wanda jarinsa ke cikin buhun madara ya ji a jikinsa a lokacin. Sannan wanda ya tsallake tebura biyar ya zo naku, ba don roba mai kyau ya zo ba. Ya zo ne don kindirmo mai maiƙo a sama da wagashin da aka haɗa da tumfafiya daga madarar da aka tatsa da safe. Ranar da kuka koma gari zalla kun zama ɗaya da kowa, sai gasar farashi, kuma a gasar farashi mai babban jari ke cin ƙarami.

Akwai kuma abin da ba ya shiga littafi. A rugagen kewayen Accra, sau da yawa shanun na wasu masu kuɗi ne a birni, makiyayi kuwa madarar ce ladansa, matarsa ce ke sayar da ita ta riƙe gida. Mutanen nan sun ba kakarki bashi, sun ajiye wa Inna jarka a shekarun da kowa ke neman madara ido rufe. Irin wannan amana ba a sayen ta a kasuwar shanu ta Tulaku. In kun sake su, cikin sati guda wani zai karɓe, kuma ranar da kuka koma ba za ku tarar da gurbinku ba. Wannan hulɗa, da hannunki da ya san lokacin da nono ya kama, su ne ainihin abin da Kaka ta bari. Yaya bai san hanyar rugar ba, ina kyautata zato.

Shawarata, a bar teburin yadda yake, fura da kindirmo da wagashi daga ruga. A buɗe wa Yaya nasa reshen: burkina ta madarar gari a roba, ya riƙa kai wa kantuna da tashoshin mota. A ba shi jari ƙayyadadde daga kason Inna in ta yarda, da nasa littafin, ya ci ribarsa ya ɗauki asararsa. Mutumin da ya dawo daga Libiya hannu rabbana, ya tarar ƙanwarsa ce ke ciyar da 'ya'yansa, ba kuɗi kaɗai ke damunsa ba. Yana neman abin da zai nuna a majalisa ya ce nasa ne. Ki ba shi wannan, ya fi miki arha da gwangwanin yamma. Sharaɗi ɗaya: kada a sayar da na gari da sunan na ruga, kada a gauraya a yi shiru. Algus ne, kuma harshen tsofaffin Nima ba ya ɓata.

Ya kuma san cewa ɗura abu a roba da manna masa suna wata duniya ce daban da tallar ƙofar gida. Hukumar abinci da magunguna, FDA, ita ke da iko a kai ƙarƙashin dokar lafiyar jama'a ta 2012. Sai sun duba wurin da ake haɗawa, sun gwada kayan, sun yi masa rajista, kuma suna da tsarin lasisi mataki-mataki don ƙananan masu sana'a. Duk mai taɓa abincin sai ya yi gwajin lafiya ya karɓi takarda daga asambuli, wato ƙaramar hukumar yankinku, Ayawaso ta Gabas. Kanti ba ya biya nan take, sai ya sayar, abin da ya yi tsami kuma a dawo maka da shi. Mu da muka ga dumsor, wato yawan ɗauke wuta na 2014 da 2015, mun san abin da dare ɗaya ba wuta ke yi wa firiza cike da nono. In ya ji duk wannan bai karaya ba, to da gaske yake, ki taimake shi da zuciya ɗaya. Ke ma, tunda maganar ta zo, kada gaggawar safiya ta sa ki tsallake dafa madarar ruga. Tarin fuka da bakkale suna bin ɗanyar madara zuwa jikin mutum. Zafin digiri 63 na minti 30 ya isa ya kashe su, in ba ki da ma'auni ki bari ta tafasa.

Rajista kuwa, a nan ki tsaya da ƙafafunki biyu. In aka yi rajistar sunan kasuwanci ta mutum ɗaya, a idon hukuma da banki sana'ar ta wanda sunansa ke takardar ce. Shi zai buɗe asusu, shi zai ci bashi da sunan, shi zai iya hana ki amfani da shi. Kada ki ba da Ghana Card ɗinki ko na Inna a je a cika wata takarda ba ki karanta ba. In za a yi, ko dai da sunan Inna, ko a yi ta haɗin gwiwa wadda dokar 1962 ta tanada, a rubuta kason kowa a yarjejeniya. Kamfani sosai ƙarƙashin dokar 2019 yana buƙatar daraktoci aƙalla biyu da sakatare da mai binciken lissafi, ɗawainiyar ta fi ƙarfin teburinku a yanzu. Reshensa na roba, in ya so, ya yi masa rajista da sunansa da wani suna daban. Kuɗin ganin lauya na awa ɗaya kafin a sa hannu ba asara ba ne.

Game da Inna, kada ki riƙe ta a zuci. Yaya ɗan fari ne, kin kuwa san alkunyar iyayenmu: wata ko sunan ɗan farinta ba ta faɗa, balle ta tsawata masa a kan kuɗi. Sai dai kukan da take yi miki nauyi ne take ɗora wa wadda ta san ba za ta ƙi ba. Ki same ta ku biyu, bayan sallar isha'i, ba ranar da aka yi faɗa ba. Ki ce mata: Inna, ba na son barin teburin Kaka, amma ba zan iya riƙe shi a haka ba, ki taimake ni in zauna. Ki nuna mata littafin. Sannan ki roƙe ta ta kira Kawu, ɗan'uwanta, ko Goggo in ita ce mai faɗa a ji, tare da limamin unguwa. Inna ta faɗa wa Kawu abin da ke ranta, Kawu ya faɗa a zaman. Ke kada ki zama mai gabatar da ƙara, ki kawo lissafi kawai ki yi shiru sai an tambaye ki. A kira ƙanwarki da izinin mijinta, don ita ma magajiya ce, kuma wanda ba a kira ba shi ke warware magana daga baya. Ki gaishe da Yaya yadda kika saba, ki ci gaba da zuba wa 'ya'yansa fura. Su ba su ɗebi komai ba.

Saura manemin naki. Na ji daɗi da yake son ki tsaya da kanki, amma ki tambaye shi tun yanzu: shagon Madina da sunan wa za a kama, wa zai biya hayar shekara biyu da masu gida ke nema a gaba, kuma kuɗin cefane daga aljihun wa zai fito? Dukiyar mace tata ce, ciyarwa kuma a wuyan miji take. In ba a faɗi wannan kafin ɗaurin aure ba, za ki kwashe firiza daga inda yaya ke ɗiba ki kai inda miji zai ɗiba, kuma a can babu Kawun da za ki kira cikin sauƙi. Ki kuma yi tunanin wa zai tsaya a teburin Nima bayan kin tare, don daga Madina zuwa Nima da asuba kullum ba ƙaramin aiki ba ne. Ki fara koya wa wata yarinya a dangi tun yanzu, da ladanta.

Ki sa wa maganar lokaci: wata ɗaya na lissafi, wata biyu na zama da rubutu. In an zauna Yaya ya ƙi, Inna kuma ta kasa, to kin fita haƙƙinsu, ki tafi ba tare da jin kin ci amanar Kaka ba. Ki ɗauki abin da shaidu suka tabbatar naki ne kaɗai, da rana tsaka. Ki je ruga da kanki ki gaya musu gaskiyar abin da ya faru, su zaɓi yadda za su raba madararsu, kada ki janye su a ɓoye. Ki sa wa sabon wurin wani suna, ki yanka wa Inna abin da za ki riƙa aika mata duk Juma'a ta hannunta, maganinta kuma ki riƙa saya da kanki ki kai.